Kitson da Mira Ba Ta Ƙarasa Ba

Ranar Asabar ce a Kalgo, damina ta yi tsakiya. Da aka kira sallar asuba a masallacin bayan gidansu, Malama Dibora ta farka ta ji motsi a madafa. Ba ta tashi ba, don ta san 'yarta Miracle ce ke ɗora ruwan zafi. Duk ranar da sanyin ruwan sama ya shiga ƙasusuwan yarinyar haka take yi, ta dafa ruwa ta zuba a roba, ta tsoma hannuwanta har yatsun su saki.

"Mira, ya jiki?" ta tambaya daga kan gado.

"Da sauƙi, Mama."

Dibora ta juya ta koma barci.

Da gari ya waye suka yi addu'ar safe su uku, ita da mijinta Matiyu da Mira. Matiyu ya sha kunu a tsaye, ya tura babur ɗinsa waje, ya ce zai leƙa shinkafarsa a fadama tun ruwa bai cinye hanya ba.

Da hantsi Kulu ta yi sallama. Dattijuwa ce daga Wurogauri, tana kawo kifi banda kasuwar Kalgo, kuma in kitson kanta ya tsufa nan take biyowa Mira ta sabunta mata. Mira ta ajiye mata kujerar tsugunno a baranda, ita ta zauna a kan benci a bayanta, ta ɗauki kibiya. Dibora tana ɗaki tana duba takardun jarrabawar ɗalibanta. Ta taga tana jin muryar Kulu ƙasa-ƙasa, tana tafiya ba tsayawa, jefi-jefi kuma Mira ta ce "uhm". Ba ta kama ko kalma ɗaya ba, ba ta kuma nemi kamawa ba. Da aka gama, Kulu ta fita idanunta jajur, amma tana dariya, ta bar musu kifi a ƙunshe.

Da rana tsaka suka ci tuwon shinkafa da miyar kifin. Mira ta ci loma kaɗan ta ture kwano, ta kwanta a tabarma ta cusa hannuwanta a hammata.

"Ya jikin?"

"Da sauƙi."

Bayan azahar ta tashi da kanta ta ce, "Mama, zo in gyara miki kan nan. Gobe Lahadi, kada ki ja mini zagi a ce mai kitso ta bar uwarta kamar sheƙar tsuntsu."

Dibora ta zauna a kujerar da Kulu ta tashi. Mira ta tsefe tsohon kitson, ta shafa man kaɗanya, ta tsaga kan gida biyu, ta fara daga dama.

"Furfurar nan fa ta yi zuriya."

"'Yan ajin ƙarshe ne suka dasa mini ita."

"Baba dai. Ki daina ɗora wa 'ya'yan mutane."

Suka yi dariya. Can sai Dibora ta ji hannun ya rage sauri. Mira takan tsaya ta murza yatsunta a cinya, sannan ta ci gaba. Ta gama ɓarin dama, ta soka kibiya a gashin hagu.

"Mama, akwai maganar da nake so mu yi."

"Ina ji."

Daidai nan waya ta yi ƙara. Matan zumunta ne na coci, sun taru koyon waƙar gobe, ga hadari ya haɗo, ga makullin ɗakin da ake ajiye tulunan kiɗa yana hannun Dibora. Ta miƙe tana laluben takalmi.

"Faɗi mana da sauri."

"Ba ta sauri ba ce. Gobe in an taso daga sujada sai in ƙarasa miki, mu yi ta a nutse."

Dibora ta zare kibiyar ta miƙa mata, ta ɗaura ɗankwali a kan rabin kitso, ta fita.

Ta dawo da magariba a jiƙe. Matiyu yana baranda yana kankare laka daga takalminsa, Mira kuma ta riga ta kwanta. Dibora ta leƙa ta bakin ƙofa ta yi tambayar nan, ta samu amsar nan, ta ja labule.

Da safiyar Lahadi Mira ta kasa tashi. Ciwon ya bar hannu ya koma ƙirji. Suka kai ta asibiti a Birnin Kebbi, aka rufe mata baki da hanci da robar iska, ma'aikata suka yi abin da za su iya. Idanunta suna bin uwarta duk inda ta yi a ɗakin, amma ba ta sake magana ba. Ranar Talata ta rasu.

A Gwandu aka haife ta, lokacin Dibora tana koyarwa a wata makarantar sakandare a can, Matiyu kuma yana ƙaramin ma'aikacin gona. Su biyun mutanen ƙasar Zuru ne, aiki ya kawo su. Kafin ita sun binne 'ya'ya maza biyu, duk ciwon sikila, shi ya sa da ta zo ta kuma wuce yaye suka tabbata ba su yi kuskure ba da suka sa mata Miracle. Maƙwabta suka gajarta sunan ya koma Mira. Ita ma da ciwon ta zo.

Rabin ƙuruciyarta a kwance ta yi shi. Ranakun da jiki ya hana ta makaranta, Dibora takan bar ta a gidan maƙwabciyarsu Binta, mai kitso, ta wuce aji. A nan yarinyar ta girma, a gefen tabarma, tana kallon hannun Binta tana kuma jin abin da mata ke faɗa in sun sunkuyar da kai, ba mai kallon idonsu. Tun ba ta kai ta ɗauki tulu ba ta iya tsaga miƙaƙƙiya. Wani abu kuma da ta koya da wuri shi ne yadda fuskar uwarta ke zubewa in ta ce ciwo yana nan. Sai ta riƙe amsar da kowa ke bayarwa a ƙasar nan, wadda marar lafiya ke bayarwa ko da ana shirin juya shi gabas: da sauƙi.

Da aka yi wa iyayen canjin wurin aiki zuwa Kalgo, ta shiga kwaleji a Birnin Kebbi. Jiki ya fitar da ita tun ba ta yi nisa ba. Ta dawo gida ta sa kujera a baranda. Dibora, wadda ta yi jami'a da guminta, ta daɗe ba ta iya cewa 'yarta mai kitso ce. In abokan aiki suka tambaya sai ta ce, "Tana jiran jiki ya yi ƙarfi ta koma." Amma mata suka yi ta zuwa, matan ma'aikata da matan masunta, masu zuwa coci da masu hijabi har ƙasa. Akwai waɗanda suka fi ta sauri a garin, akwai waɗanda suka fi ta sababbin yayi. Dibora ba ta taɓa tsayawa ta tambayi kanta abin da ke kawo su ba.

Zaman makoki ya cika gidan. Matan zumunta suka zo da tulunansu suka yi waƙa, maƙwabta Musulmi suka shigo layi-layi, har Binta ta taso daga Gwandu da tsufanta. Kowa ya durƙusa ya ce, "Ya haƙuri?" Dibora ta ce, "Da godiya." Ta faɗe ta har bakinta ya daina sanin yana faɗa.

Ita kuwa abu ɗaya take so. Tana so ta ba wani labarin ranar Asabar ɗin, daga ruwan zafin asuba har jan labule, a jere, kada a tsallake komai. Ba ta san dalili ba. Ta dai ji kamar ranar tana tsaye a maƙogwaronta, in ba ta fita ta baki ba ba za ta wuce ba.

Ta gwada da shugabar zumunta. "Ranar Asabar ɗin nan, da asuba na ji ta a madafa..."

"Kayya, Malama, kada ki yi ta tonawa. Ta huta. Tana wurin da babu ciwo."

Ta gwada da wata abokiyar aiki, ta kai har zuwan Kulu. Matar ta kama hannunta ta ce, "Ai na san abin da kike ji, haka aka yi da ƙanena," ta kwashe nata labarin tun daga farko, har Dibora ta koma ba ta haƙuri.

Ta gwada da fasto. Mutumin kirki ne, shi ya yi ta zirga-zirgar asibiti da motarsa. Ya saurara har zuwa tuwon rana, yana gyaɗa kai, amma ta ga leɓensa yana motsi, yana shirya abin da zai ce. Tana tsayawa shan numfashi ya buɗe baki, ya yi mata magana mai kyau a kan tashin matattu, ya ce su rufe ido su yi addu'a. Babu ƙarya a abin da ya faɗa. Da ya ce amin, labarin yana nan inda ya tsaya, a bakin kwanon tuwo.

Matiyu kuwa, da ta fara sai ya tashi ya fita wanke babur. Babur ɗin bai taɓa yin tsabta irin ta wannan damina ba.

Sai ta daina. Ta koma aiki, ta koma coci, ta tsaya gaban jama'a ta yi godiya ga duk waɗanda suka tsaya musu. Addu'arta ma ta koma irin haka: ta durƙusa, ta gode, ta roƙi ƙarfi, ta tashi. Ɗankwali kuwa bai sake barin kanta ba, ko a barci. A ƙarƙashinsa ɓarin dama yana kitse yadda Mira ta bar shi, ɓarin hagu ya cukurkuɗe ya dunƙule. In ta tsefe na dama, ta cire hannun 'yarta na ƙarshe daga jikinta. In ta ba wata ta ƙarasa na hagu, an rufe maganar da aka ce sai gobe. Ko Matiyu bai san abin da ke ƙarƙashin ɗankwalin ba.

Ruwa ya fara ja da baya, shinkafa ta fara nuna, sai wata Asabar da hantsi aka yi sallama a ƙofar gida.

"Ina ɗiyar tawa? Mira, fito ki ga abin da ambaliya ta yi wa kaina."

Kulu ce, da ƙunshin kifi a hannu. Ruwa ya yanke hanyarsu tun bayan zuwanta na ƙarshe, ba ta da waya, ba wanda ya kai mata labari. Dibora ta fito ta tsaya a baranda. Tun ranar Talatar nan ba ta gamu da wanda bai sani ba.

"Inna Kulu, Mira ta rasu."

Kulu ta ajiye kifin a ƙasa a hankali. Ta yi salati a ƙasan maƙoshi, ta nemi benci ta zauna. Ta daɗe tana kallon kujerar tsugunnon da ke jingine a bango. Sannan ta yi abin da kowa ke yi.

"Allah shi ba da haƙuri, Malama. Ya haƙuri?"

"Da godiya."

Dibora ta jira sauran kalmomin da aka saba: ta huta, sai haƙuri, haka Allah ya so. Ba su zo ba. Kulu ta share ido da gefen mayafi ta ce, "Wagga amsar bakin ƙofa ce. Ba ni ta ɗaka."

"Na'am?"

"Haka ɗiyarki ke ce muna. In an gaisa an gama, ka ce lafiya lau, sai ta bari ka zauna ka sunkuya, ta soka kibiya, sannan ta ce, to Inna, waccan ta bakin ƙofa ce, ba ni ta ɗaka. Ba ki taɓa ji ba?"

Dibora ba ta taɓa ji ba. Taga ɗaya ce tsakaninsu duk shekarun nan.

Ta buɗe baki ta ce, "Ranar Asabar ɗin da kika zo..." Idanun Kulu suna kanta, ta kasa ci gaba.

"Ba a yinta ido cikin ido," in ji Kulu. Ta jawo kujerar da ƙafa ta ajiye a gabanta. "Zauna ki ba ni baya."

Dibora ta zauna. Ta ɗan jima, sannan ta kai hannu ta kwance ɗankwalin. Ta ji numfashin Kulu ya tsaya a bayanta, amma dattijuwar ba ta tambayi komai ba.

"Ni ban iya kitso ba, hannuna na kifi ne. Tsifa dai na iya. Ina matajin?"

"Yana kan taga. Kada ki taɓa na dama."

"To."

Kulu ta lakato man kaɗanya ta fara warware ɓarin hagu daga jela, sili-sili. Dibora ta sunkuya tana kallon siminti, ta fara daga ruwan zafin asuba. Ta faɗi kunun Matiyu, ta faɗi kifin, ta faɗi loma nawa Mira ta ci. Ta faɗi zancen furfura, ta yi wata 'yar dariya da ta ba ta tsoro. Inda ta yi shiru, Kulu ta bar shirun. Inda ta koma baya don ta manta wani abu, Kulu ta bi ta. Ban da "uhm" ba abin da ke fitowa daga bayanta, sai jan mataji. Ta wuce kwanon tuwo. Ta kai ga waya da makulli, ta kai ga magariba, ta ja labule.

Da ranar ta ƙare sai ta tarar akwai wani abu a bayanta, wanda ita kanta ba ta san yana nan ba.

"Inna, tun da aka haife ta ban yi barci da kunne biyu ba. Kullum ɗaya yana ɗakinta. Yanzu ina kwanciya sai gari ya waye. Barci mai daɗi nake yi. In na farka na ji jikina ya huta, sai in ji kamar in tsine wa kaina. Kuma na gaji da godiya. Uku Allah ya ba ni, uku ya karɓa, ina ta cewa na gode. Ban gode ba."

Matajin bai tsaya ba. Kulu ba ta ce ta yi istigfari ba, ba ta ce kowa haka yake ji ba. Sai daga baya Dibora ta ji a wurin masu kifi cewa ruwa ya ci ɗan Kulu, Sambo, shekarun baya, ba a ma ga gawarsa ba. Ranar nan Kulu ba ta ambace shi ba ko sau ɗaya.

Can Dibora ta ce, "Maganar da ta ce za mu yi. Ko ta taɓa faɗa miki wani abu? Wani saurayi, ko makaranta, ko jikin ne take jin ya canza?"

Hannun ya tsaya.

"Wallahi Malama, ba ni yi miki ƙarya. Ban sani ba. Mu ke zuwa da kaya mu sauke mata, mu tashi da sabon kai. Ni dai ban taɓa ce mata ta ba ni tata ta ɗaka ba."

"Ni ma."

Wani mai babur ya wuce a layi yana ta hon. Rana ta ci rabin baranda.

Shekaru Dibora tana koya wa yara a coci labarin almajiran nan biyu da Yesu ya tarar a hanya bayan mutuwarsa, suna tafe suna baƙin ciki, ba su gane shi ba. Kullum sauri take yi ta kai ƙarshe, wurin da idanunsu suka buɗe, don nan ne yara ke tafi. A kan kujerar nan ta tuna farkon. Shi aka kashe, babu wanda ya fi shi sanin abin da ya faru, amma sai ya tambaye su, ya bar su suka kwashe labarin duka, har da cewa sun sa rai kuma ransu ya karye, yana tafe a gefensu. Bai sake magana ba sai da suka gama. Ta yi tunanin watakila abin da ta faɗa wa siminti yanzu, da baƙar magana da komai, shi ne addu'ar farko da ta yi tun ranar Talata. Ba ta ji an amsa ba. Ta dai ji ba a katse ta ba.

"Hagu ya warware," in ji Kulu.

Dibora ta kai hannu ta shafa ɓarin dama. Kitson ya saki, sabon gashi ya turo shi daga ƙasa, tsagar da Mira ta ja miƙaƙƙiya ta kusa ɓacewa. Ko an bar shi, tafiya yake yi.

"Tsefe shi," ta ce.

Kulu ta tsefe, ɗaya bayan ɗaya, ba ta yi sauri ba.

Bayan girbi aka raba kayan Mira. Zannuwa da riguna aka sa a jaka aka aika Zuru wa 'ya'yan ƙanwar Matiyu. Littattafan kwaleji Dibora ta kai makaranta ta ba wata ɗaliba. Sauran magunguna ta mayar asibiti ko wani zai amfana. Kibiya da mataji da ragowar man kaɗanya ta ƙulle a ɗankwalin nan ta ba Kulu, ta ce ta kai wa duk yarinyar da ke koyo a Wurogauri. Robar ruwan zafi ta koma ta wanke-wanke, don roba ce mai kyau.

Kujerar ce aka rasa yadda za a yi da ita. Wata maƙwabciya ta tambaya, Dibora ta ce a dakata. Ran nan da la'asar ta fito ta tarar da Matiyu zaune a kanta, ga guga ga soso, yana fuskantar babur ɗin da ba shi da ko ɗigon laka. Ta zauna a benci a bayansa. Furfura ta cinye ƙeyarsa, ba ta lura ba sai yanzu.

"Baban Mira, ya haƙuri?"

"Da godiya."

"Wannan ta bakin ƙofa ce."

Sosan yana ɗiga a hannunsa. Bai tashi ba, ita ma ba ta ƙara ko kalma ba, har aka kira magariba. Washegari ta aika wa maƙwabciyar cewa kujerar ba ta bayarwa ba ce. Tana nan a baranda, gaban benci.